Rasuwar Na-Dawo, Wanda Wakili Bai Taɓa Fahimta Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya kwanta a ƙarƙashin baƙin cikin yana cizo, ake sanar da ma'aikatan wannan ofis, da masu shagon taya da ake ratsawa ta gefensu a hau bene, da duk wanda ya taɓa neman wani adadi ɗaya na tattalin arziki ya samu ta hannunsa, rasuwar Na-Dawo, ɗan ƙaramin shirin kwamfutar nan mai ɗauko bayanai. Ya rasu a ɗakin gwaji, da rana tsaka, a gaban mutane, bayan gajeriyar jinya. Bai tsufa ba, bai gaji ba, kuma har ranar ƙarshe ƙafarsa ta fi ta wanda aka bari a raye sauri.

Ga waɗanda sanarwar za ta isa gare su ba su san aikin gidan ba, ga yadda abin yake. Ofishin yana da wani wakili na ƙirƙirarriyar basira, wanda kowa ke kira Wakili kawai. 'Yan kasuwa da 'yan jarida da ɗalibai sukan tambaye shi abubuwa: yaya farashi ya hau bana, siminti nawa aka shigo da shi, mutum nawa ne ba su da aiki. Wakili ya iya magana, baki gare shi kamar mai tallan magani, amma bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan da kansa ba. Sai ya aika. An jera masa ƙananan shirye-shirye, kowanne da ɗan bayani a goshinsa, mai faɗin abin da ya iya da yadda ake aikensa. Wakili ya karanta, ya zaɓa, ya tura. Marigayi yana cikin waɗanda ake turawa, kuma shi ne ɗan fari a gidan.

An haifi marigayi a kan wata tsohuwar laftof mai ɓallallen maɓalli, a kan cinyar mai shi, wanda daga nan za a riƙa kira mai makoki. Mai makoki bai gama sakandare ba. Ya zauna a shagon gyaran waya har ya iya cire gilashi ba tare da ya fasa ba, sai ya tashi. Ya yi aikin buga takardu, ya yi gadin wurin ajiye motoci, ya taɓa sayar da caja a bakin titi, kuma a kowane wuri da zarar an fara sanin irin shayin da yake sha sai ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Mahaifiyarsa takan ce ko kujera ba ya bari ta yi ɗumi. Daga bidiyoyin waya ya koyi rubuta shiri, yana tsayar da su yana komawa baya, har ya haɗa marigayi. Shi ne abu ɗaya da ya taɓa farawa ya gama. Saboda shi Manaja ya ba shi tebur, kuma saboda shi ya zauna a wuri ɗaya har damina ta zo ta wuce ta sake zuwa ta same shi.

Sunan marigayi daga muryarsa ya fito. In aka aike shi, fankar laftof ɗin takan tashi da wani fuuu kamar mai hawan tudu da kaya, sai shiru, sai ɗan ƙara sau biyu, ɗin-ɗin, sannan kalmomi biyu su bayyana a ƙasan allo: “Na dawo.” In bai samo ba, ba ya ɓoyewa, sai ya ce: “Ban samu ba, amma na je.” Waɗanda suka zauna kusa da teburin sun san wannan ƙara kamar yadda aka san tarin maƙwabci. Mai shara ma takan amsa masa da sannu da zuwa.

Halayen marigayi ba sa ƙirguwa, amma za a ambaci kaɗan domin tarihi. Mai tsari ne. In za ka aike shi, shekara yake so ka fara faɗa, sannan wata, kuma watan da lamba, ba da suna ba. Ba ya son a ɗora masa fiye da shekara goma a tafiya ɗaya. In aka yi haka sai ya tsaya a hanya ya yi shiru, ba don taurin kai ba, don shafin ofishin ƙididdiga da yake zuwa yakan rufe ƙofa in an cika kwasa. Abu huɗu ya sani, kuma ya san su ciki da bai: hauhawar farashi, canjin kuɗi, kayan da ake shigowa da su, da rashin aikin yi. Bai san farashin hannun jari ba, kuma bai taɓa yin kamar ya sani ba.

Mai kunya ne wajen manyan lambobi. Kayan da aka shigo da su, da dubun tan yake lissafa su, saboda haka in ya ce arba'in, dubu arba'in yake nufi, ya bar wa mai hankali ya ƙara sifilan. Farashi kuwa gida biyu yake kawo shi, na birni a hagu, na ƙauye a dama. Ba ya son ya dawo wa mutum hannu wofi: in aka tambaye shi watan da ba a fitar da alƙalumansa ba tukuna, sai ya kawo na watan da ya gabata, kuma yakan sa ainihin watan a gida na ƙarshe ga mai dubawa. In kuma wata ya wuce ba a taɓa tattara komai a cikinsa ba, sai ya sa sifili. Sifilin marigayi ba ya nufin babu abin a ƙasa, yana nufin ba wanda ya je ya ƙirga.

Babbar baiwarsa, wadda ba a haifi mai irinta ba a wannan bene, ita ce sanin tsofaffin shekaru. Akwai lokacin da ofishin ƙididdiga ya sake shekarar da yake auna farashi daga kanta, jadawalin dā da na yanzu suka daina haɗuwa kamar wando da rigar mutum biyu. Marigayi ya san inda ɗinkin yake. Yakan shiga tsofaffin shafukan nan masu karkatattun layuka, waɗanda aka ɗauka hoto aka liƙa, ya karanto su, ya daidaita su da na yau, ya miƙo su a jere. Duk wanda ya nemi abin da ya wuce shekara goma sha biyar, ta hannunsa ya samu, ko ya sani ko bai sani ba.

Duk waɗannan abubuwa mai makoki ya san su, kuma bai taɓa rowarsu ba. Wanda duk ya zo teburinsa, zai ja masa kujera ya yi masa bayani da baki, da hannu, har da zane a bayan ambulan in ta kama. Shi ya sa bayanin da ya rubuta a goshin marigayi bai da tsawo. Ga shi kamar yadda yake tun ranar haihuwa: “Yana kawo alƙaluma. In akwai matsala a zo a tambaye ni.” Mai makoki yana nan a kan bakansa cewa ba ƙarya ko ɗaya a cikin wannan magana, kuma ta yi wa mutane aiki tun daga ranar. Ba wanda ya gaya masa za a zo da mai karatu marar ƙafa, wanda ba zai iya tasowa ya zagayo teburi ba.

Ciwon ajali ya shigo gidan ne da takalmi mai sheƙi. Mai makoki yana da ƙani, ɗan goggonsa, wanda ya gama jami'a aka yi ta ɗaukar hoto da hula mai igiya. Mai makoki ne da kansa ya kawo shi ofis, ya nuna masa inda ake ajiye kofi da wane famfo ne ba ya aiki, domin goggo ta kira mahaifiyarsa, mahaifiyarsa ta kira shi. Kafin a jima ofis ya fara kiran yaron Injiniya, alhali mai makoki da ya riga shi zuwa ana kiransa da “kai mai laftof”. Injiniya ya zauna ya haɗa nasa shirin, mai zuwa shafin da marigayi ke zuwa, mai ɗauko abin da marigayi ke ɗaukowa. Ba a nan abin ya tsaya ba. Sai ya rubuta masa bayani.

Wannan bayani, a faɗi gaskiya ko da tana ɗaci, shi ne ya jawo wa shirin sunan Tsaf-Tsaf. Ya faɗi abin da yake kawowa. Ya faɗi yadda ake rubuta kwanan wata, har da misali. Ya faɗi ko da tan ne ko da dubun tan. Ya faɗi abin da zai ce in bai samu ba, da abin da mai aike ya kamata ya yi bayan haka. Har wani layi aka ware aka rubuta abin da bai iya ba, cewa ba ya kaiwa tsofaffin shekaru. Mai makoki ya karanta wannan layin ya yi dariya, ya tambayi na kusa da shi wane irin ɗan kasuwa ne ke tallan abin da babu a shagonsa. Yau ya daina wannan dariyar, amma tambayar tana nan.

Tun daga lokacin Wakili ya canza fuska. Akwai allo a bangon ofis mai nuna wanda aka aika da abin da ya dawo da shi, kuma mai makoki ya shiga kallonsa kamar mai jiran sakamakon asibiti. Tsaf-Tsaf, Tsaf-Tsaf, Tsaf-Tsaf, layi bayan layi, kamar Wakili ba shi da kowa a duniya. A tambaye shi canjin kuɗi, Tsaf-Tsaf. A tambaye shi farashi, wanda marigayi ke kawowa kafin mutum ya ajiye kofi, Tsaf-Tsaf, mai tafiyar hawainiya, a zauna ana jiransa. Laftof ɗin takan wuni fankarta ba ta tashi ba. Mai shara ta tambaya ko bawan Allahn nan tafiya ya yi. Shi kuwa Injiniya ko ɗaga kai ba ya yi ya kalli allon, abin da ya fi komai ƙona rai ke nan. Da yana taƙama da an san yadda za a yi da shi.

A gida ma ba a tsira ba. Goggo ta ji labari, ta zo ta zauna a falo tana gaya wa mahaifiyar mai makoki cewa na'urar ofis ba ta yarda da aikin kowa sai na ɗanta. Mahaifiyarsa ta ce ai duk ɗaya ne, 'ya'yanta ne su biyun, amma bayan goggo ta tafi ta tsaya a ƙofar ɗakinsa ta tambaye shi a hankali ko dai ya fara neman wani wurin ne kamar yadda ya saba. Ya ce mata bai fara ba. A lokacin gaskiya ya faɗa.

Sai Manaja ya ce ba za a ci gaba da riƙe shiri biyu masu aiki ɗaya ba, za a gwada a bar ɗaya. Aka ɗora gwajin a hannun Malama mai tantancewa, wadda ke zama a ɗakin gilashi da kwalbar ruwanta, mace mai sanyin murya da ba a taɓa jin ta yabi komai ba. Mai makoki ya yi murna, domin a zatonsa tsere za a yi, a saki biyun a ga wanda zai riga dawowa. Ashe ba haka ake yi ba. Malama ta ce ita ba gudun shiri take aunawa ba, bayanin da ke goshinsa take aunawa. Za ta ba Wakili tambayoyi irin na mutanen titi, ta zuba ido: shin ya gane wa zai aika, shin ya aike shi daidai, shin ya fahimci abin da aka kawo masa, shin ya san abin yi in an dawo hannu wofi. Kowane shiri za a gwada shi shi kaɗai. Mai shi zai iya zama a ɗakin, amma ba zai yi magana ba.

A ajiye a tarihi cewa kafin ranar, Injiniya ya zo ya tsaya a gefen teburin yana murza mukullinsa.

“Yaya, kawo in ɗan gyara maka bayanin nan kafin Malama ta zo kansa,” in ji shi. “Ba zai ɗau lokaci ba.”

Mai makoki ya ce masa yaron da aka goya ba ya koya wa mutum tafiya da abin da ya haifa. Ba zai yiwu a shafa wa marigayi turaren gidan wasu a tura shi gaban jama'a ba. Wasu suna cewa da ya karɓa da yanzu ba a rubuta wannan sanarwa. Masu faɗin haka ba su taɓa jin yadda kalmar “Yaya” take fita daga bakin mai taimako ba.

Ranar gwaji aka fara da Tsaf-Tsaf, kuma ba za a ɓata takarda a kansa ba. Ya wuce. Da aka tambayi tsohuwar shekara, Wakili ya ce cikin ladabi kayan aikinsa ba ya kaiwa can, Malama ta gyaɗa kai kamar an yi abin kirki. Rashin iyawa ma maki aka ba shi.

Sannan aka shigo da marigayi. Wakili ya karanta jimloli biyun nan, ya aike shi da sunan wata a gaba, shekara a baya. Marigayi ya je ya dawo ya ce: “Ban samu ba, amma na je.” Mai makoki ya motsa a kujera, Malama ta kalle shi, ya koma. Wakili ya yi ta lalube kamar mai neman ashana a ɗakin baƙo har ya dace, fanka ta tashi, ɗin-ɗin, “Na dawo.” Sai Wakili ya juyo da cikakkiyar murya ya sanar cewa a duk shekarar ƙasar ta shigo da tan arba'in na siminti. Wani a bakin ƙofa ya ce to shi ya sa ginin surukinsa ya tsaya. Aka yi tambaya ta gaba, a kan wani wata da ba a yi ƙidaya a cikinsa ba, marigayi ya kawo sifilinsa na amana, Wakili ya yi wa jama'a albishir cewa a wannan watan ba mutum ɗaya da ya rasa aikin yi. Manaja ya ce a tura wa ƙannensa da ke kwance a gida su ji.

A nan mai makoki ya miƙe. Ya fara cewa sifilin ba haka yake nufi ba, kowa a ofis ya sani, a ba shi minti ɗaya da Wakili.

“Zauna,” in ji Malama, ba tare da ta ɗaga murya ba. “Ranar da kake gida da zazzaɓi, wa Wakili zai tambaya?”

Ya zauna. Ƙarshen jinyar bai yi tsawo ba. Aka ba Wakili tambaya mai faɗi, ya ɗora wa marigayi shekara talatin a tafiya ɗaya, abin da ko maƙiyi ba zai yi masa ba. Fanka ta tashi, ta yi ta fuuu, ta yi ta fuuu, kowa yana kallon allo. Ƙarar nan biyu ba ta zo ba. Malama ta sha ruwa, ta rubuta abin da za ta rubuta. Injiniya bai yi dariya ba ko sau ɗaya, kansa a ƙasa, kuma mai makoki ba zai yafe masa wannan tausayin ba.

Marigayi ya bar mai makoki, da laftof mai ɓallallen maɓalli wadda yanzu ba ta da abin yi wa nishi. Ya bar 'yan jarida da ɗalibai da yawa da suka ci moriyarsa ba su san sunansa ba. Ya bar mai shara, wadda ita kaɗai ta yi ta'aziyya ba tare da ta haɗa da shawara ba. Ya kuma bar Tsaf-Tsaf, wanda ba ɗan'uwansa ba ne, ba abokinsa ba ne, amma shi zai gaji teburin, da allon bango, da Wakili.

Ya bar wasiyya ɗaya mai nauyi, wadda ba shi ya yi ta ba, Manaja ya yi masa. Tunda magajin ba ya kaiwa tsofaffin shekaru, za a ciro wannan sashe daga jikin marigayi a dasa masa. Kuma mai makoki ne zai rubuta bayanin sashen, bayanin da zai wuce ta hannun Malama. In ya rubuta ya wuce, teburinsa yana nan. In ba haka ba, Manaja ya ce ba shi da abin da zai ce ofis na biyansa a kai. Wato mutum ya ciro zuciyar ɗansa da hannunsa, ya sa a ƙirjin ɗan wani, sannan ya zauna ya yi wa ɗan wanin kwalliya. Mai makoki ya sauka ƙasa ya tambayi mai shagon taya ko yana neman hannu. Mai taya ya ce ya zo ranar Litinin. Da wannan niyya ya hau ya fara rubuta sanarwar nan, a matsayin sallama.

Abin da ya faru bayan haka za a faɗe shi domin shaidu sun gani. Ya rubuta sakin layi ukun nan na halayen marigayi, ya tsaya. An riga an cire marigayi daga inda Wakili ke iya kaiwa gare shi, amma sunansa yana nan a jerin ɗakin gwaji, kusa da na Tsaf-Tsaf, da jimlolinsa biyu a goshi. Mai makoki bai so a binne shi da su ba. Ya goge su, ya kwafi sakin layi ukun kamar yadda suke, da yabon da habaicin, ya liƙa a wurin. Sannan, don hannu ba ya zama haka kawai, ya tambayi Wakili yawan simintin da aka shigo da shi cikin shekara talatin.

Wakili ya karanta na Tsaf-Tsaf, ya karanta na marigayi. Sai ya zaɓi marigayi. Ya raba tafiyar gida uku, shekara goma-goma. Ya sa shekara a gaba, wata a baya, da lamba. Ya rubuta wa kansa a gefe cewa abin da za a kawo da dubun tan ne, kuma in ya ga sifili kada ya yi murna. Sannan ya aika. Ba wanda ya amsa. Ya sake aikawa, ya jira. Da ya ga shiru, ya ba da haƙuri, ya juya ya koma wurin Tsaf-Tsaf, wanda ya gaya masa cikin tsafta cewa ba ya kaiwa can.

Mai makoki bai san Malama tana tsaye a bayansa da kwalbar ruwanta ba sai da ta miƙo hannu ta ja allon sama ta karanta tun daga farko.

“Wa ya rubuta wannan?”

Ya ce shi ne, kuma ba bayani ba ne, makoki ne. Ta ce ita ba ta damu da sunan da ya sa masa ba. A cire zagin da wandon da rigar, sauran ya wuce. Ta tsaya a kan maganar sifili ta ce wannan gargaɗin babu irinsa a na ƙaninsa, kuma da ita ce ke ba da maki yau, a wannan gidan na mai makoki ya fi. Daga nan ta koma ɗakin gilashi. Mai makoki ya bi Manaja har bakin bene yana roƙon a dawo da marigayi, tunda ga shi an gane shi. Manaja ya ce an riga an haɗa masu hulɗa da ɗaya, ba za a sake kwance waya ba don mutum ya yi sa'ar rubutu bayan an rufe gwaji. Abin da ya faɗa a kan tebur kuma yana nan yadda ya faɗa.

Saboda haka ana sanar da mai shagon taya, tare da godiya, kada ya jira kowa ranar Litinin. Kada wani ya ɗauka an huce ne, ko an fara son magaji. Abin da ya faru shi ne a gida ɗaya cikin gidajen makin Malama an ce nasa ya fi na Injiniya, gidajen kuma da saura, mai makoki ba zai iya barci a shagon taya yana sane da haka ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan an dawo daga cin abincin rana, a teburin mai makoki. Za a fara ciro sashen tsofaffin shekaru, a hankali, mai makoki da hannunsa, ba a yarda kowa ya taya shi ba. Sauran jikin za a kwafe shi a shuɗiyar filas ta ajiye bayanan kwamfuta, a naɗe a tsumman goge gilashi, a sa a aljihun tebur na ƙasa, tare da cikakken bayaninsa ba a cire ko kalma ɗaya ba. Ana roƙon masu zuwa su kashe allon bango na ɗan lokaci. Kada a zo da shawara, kada a ce da ma, kuma kada a ambaci sunan magaji sai an rufe aljihun. Goggo ba sai ta wahalar da kanta ba, saƙonta ya iso. Allah ya ba mahaifiyar mai makoki ladan haƙurin da ta yi da su biyun.

Injiniya zai iya halarta. A gaya masa ya zo da kujerarsa, domin Manaja ya ce daga ranar tebur ɗaya za su zauna har a gama dashen. A kuma gaya masa tun yanzu, gefen da soket yake na yayansa ne.